Kazar Sauƙi

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni ya mayar da ni wurin aiki, kamar wahalar rana ba ta ishe ni ba. Amma sai na fara gaya muku aikin, in ba haka ba za ku ce tun a farke ma kaina ba daidai yake ba.

Sunana Tanimu, sana'ata rashin lafiya. A da ɗan wasan kwaikwayo ne ni. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai wata makarantar koyon aikin jinya ta ɗauke ni in riƙa kwanciya a gado ina ciwon ƙarya, ɗalibai suna koyon tambaya da dubawa a kaina kafin a sake su a kan masu ciwon gaske. Akwai wata tsohuwar hula ruwan ƙasa. In na sa ta, na zama Malam Sallau mai sayar da hatsi, mai fama da ciwon ƙirji. In na cire ta, wasa ya tsaya cak, kowa ya san Tanimu ne ke magana. Abokin aikina wani mutum-mutumin roba ne da ake koyon danna ƙirji a kansa, bakinsa kullum a buɗe, ɗalibai suna kiransa Malam Shiru.

Tun ranar farko Malama Asabe, mai kula da darasin, ta ja mini kunne. Ta ce, "Baba Tanimu, duk ɗalibin da ya tambaye ka jiki, ka ce da sauƙi. Haka mutanenmu suke, mutum yana gargara yana cewa da sauƙi. Wanda ya karɓi wannan amsa ya juya, ya faɗi. Wanda ya jawo kujera ya sake tambaya, shi za ka gaya wa inda ke ciwo."

To, kwanan nan ciwon Malam Sallau ya fara bin Tanimu gida. Wani nauyi ne a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora mini buhun gero, yana sauka har hannun hagu. Ban gaya wa kowa ba. Jiya da rana ya taso mini ina kan gadon gwaji, zufa ta karyo mini, Malama Asabe ta ce wa ɗalibai su tafa mini, wai ban taɓa yin wasa mai kyau kamar wannan ba. Na yi murmushi na karɓi yabo. Da na koma gida matata Uwani ta dube ni ta ce, "Malam, yaya jikin?" Kun san abin da na ce mata.

A mafarkin, sai na gan ni a ƙofar makarantar da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsatsowa yana tafiya sama, ya shiga ta ƙafar wando ya fita ta wuyan riga. Ban yi mamaki ba. Haushi kawai na ji da ƙasan gemuna ya jiƙe.

A ofishin bakin ƙofa wata akuya ce zaune da tabarau, tana tauna wayar tarho.

"Yaya jiki?" in ji ta.

"Da sauƙi."

"Ina yake?"

"Wa?"

"Sauƙin. Ba ka ce kana tare da shi ba?" Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta ciro wata kaza ta danƙa mini. "A nan ba a faɗar abin da ba a nuna ba. Riƙe. Duk wanda ya tambaye ka jiki, ka ɗaga masa ita."

Na sa kazar a hammata na shiga. Farfajiyar cike take da jama'a, kowa da tasa. Wani dattijo ya wuce ni ya saɓa ƙafarsa ɗaya a kafaɗa yana tsalle da ɗayar. Wata mata hayaƙi na fita ta kunnuwanta. In sun haɗu sai su tsaya su gaisa, wannan ya ɗaga kazarsa, waccan ta ɗaga tata, su yi wa juna addu'a su wuce. Tawa ba ta da nauyi ko kaɗan, idonta a rufe, ba ta ko motsi. Na ce barci take yi.

Sai ga ni kwance a kan gadon gwaji, hular Malam Sallau a kaina, ban san wanda ya sa mini ita ba.

A kan kujerar Malama Asabe, Malam Shiru ne zaune cikin farar rigar likita. Hagu da damansa 'yan'uwansa ne na roba, har da wanda babu komai a jikinsa sai kai da ƙirji. A bakin ƙofa wani bunsuru yana tsaye riƙe da ƙararrawa.

"Ina Malama?" na tambaya.

"Tana cikin akwati," in ji Malam Shiru. Bakinsa bai motsa ba, maganar dai ta fito. "An naɗe ta an ajiye sai mako mai zuwa, kada ƙura ta ɓata ta."

Duk makarantar kuwa ita kaɗai ce mai ikon tsayar da darasi.

Malam Shiru ya juya ga ɗaliban da suka yi layi a waje. "Yau darasi biyu ne. Na farko, yadda ake tambayar maras lafiya. In ƙararrawa ta buga, sai na biyu, yadda ake gaya wa iyali an yi rashi."

Na ɗan ɗago. "Ranka ya daɗe, wa zai yi gawar?"

"Ai ka saba da gadon," in ji shi.

Ɗalibi na farko ya shigo, wani dogo, bai ko ƙaraso kusa da ni ba. Daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, yaya jiki?" Na yi niyyar gaya masa gaskiya. Amma hannuna ya ɗaga kazar da kansa, bakina ya ce da sauƙi da kansa.

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji yaron, ya fita da baya da baya.

"Cikakken maki," in ji Malam Shiru. "Bai ɓata wa kowa lokaci ba."

Haka suka yi ta shigowa. Kowa ya tambaya, kaza ta hau sama, ya yi addu'a ya fice. Duk ɗagawa ɗaya sai in ji an ƙara wa buhun da ke ƙirjina hatsi. Numfashi ya fara yi mini wuya, hannun hagu ya ɗauki tsami har yatsu. Na lura in ba tambayata aka yi ba bakina nawa ne, saboda haka na jira layi ya ɗan yanke na kwarma ihu.

"Jama'a, ƙirjina! Wallahi da gaske nake, ba wasa ba ne!"

Ɗakin ya ɗauki tafi, tafin hannun roba, faf, faf, faf.

"Kun ga gwani," in ji Malam Shiru. "Har da rantsuwa. Ku dubi zufar nan, ku dubi yadda leɓensa ya yi toka. A sake, na baya ba su gani ba."

Sai na tuna da hula. Na kai hannun da babu kaza na fizge ta na jefar. Na shafa kaina, ga wata a ƙarƙashinta, ita ma ruwan ƙasa, har da ɗinkin da Uwani ta yi wa gefen da ya yage. Na fizge wannan, ga wata. Na yi ta fizga ina jefarwa har huluna suka taru a gindin gado, bunsurun ya matso yana ɗauka ɗaya-ɗaya yana ci. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga mutuwa za ta ɗauke ni a gaban masu koyon ceton rai, suna kallo suna yaba mini.

Sai ga ni a baranda ina gudu, gudun da ba ya cin ƙasa. Ruwa na tasowa ta tsagin siminti yana dukan ƙasan kazar.

"Kauce! Kauce! Gaggawa!"

Likitoci ne suka taho a guje suna tura gado mai taya. A kansa hannun roba ne guda ɗaya, irin wanda ake koyon allura da shi, an lulluɓe shi da bargo har gwiwar hannu. Na cafke rigar na ƙarshensu.

"Likita, don Allah ka saurara mini ƙirji."

Ya dubi kaina, bai dubi fuskata ba. "Kai ai na gwaji ne. Mu masu ciwon gaske muke gani."

"Wannan fa roba ce!"

"Shi bai taɓa ce mana da sauƙi ba," in ji likitan. Ya ƙwace rigarsa ya bi sauran.

Ƙofa ta gaba a buɗe take. Na leƙa. Uwani ce zaune a kan tabarma da shuɗin mayafinta na zuwa unguwa. Akuyar ofis tana tsaye a kanta, wani ɗalibi kuma ya durƙusa a gabanta yana maimaita abin da zai faɗa.

"Mama, mun yi iya ƙoƙarinmu..."

Uwani ta ɗora hannu a ka.

"Ba yanzu ba," in ji akuyar. "Kin cika garaje. Sai ya ce sai haƙuri, sannan ki fara. Kai kuma ka sassauta murya, ka dube ta a ido. A sake."

"Mama, mun yi iya ƙoƙarinmu. Sai haƙuri."

Uwani ba ta yi kuka ba. Ta dubi yaron ta ce a hankali, "Amma jiya na tambaye shi. Ya ce mini da sauƙi."

"Madalla," in ji akuyar. "Haka duk suke cewa. Ki riƙe wannan, da an buga ƙararrawa za a yi na gasken."

"Uwani!" na kira ta. "Ga ni nan, ban tafi ba!"

Ta juyo, ta gyara mayafi irin yadda take yi wa baƙo. "Sannu, Malam Sallau. Don Allah ko ka ga maigidana a hanya? Tanimu. Ya fita bai karya ba."

Na buɗe baki in ce ni ne, sai ta ƙara da cewa, "Yaya jikin naka?" Kaza ta hau sama.

Sai ga ni a kan gadon gwaji kuma. Yanzu ruwan ya shigo ɗaki, yana tashi daga ƙasa yana taruwa a jikin silin, ya zama tafki a samanmu. Layin ɗalibai ya ƙare, bunsurun ya ɗaga ƙararrawa sama.

"Saura ni," in ji wata murya.

Lantana ce. Na san ta a farke. Wata 'yar guntuwar ɗaliba ce mai sanyin jiki, wadda kullum lokaci yake ƙure mata ba ta gama tambaya ba, har 'yan ajinsu suna ce mata Sai Gobe. Ta shigo ba ta yi sauri ba. Ta kama kujerar ƙarfe daga lungu ta jawo ta, ƙafafun kujerar suna kuka a kan siminti, masu roba suna toshe kunne. Ta zauna daidai kaina.

"Lokaci," in ji bunsurun.

"Baba, yaya jikin?"

Kaza ta hau sama. "Da sauƙi."

"To, na ji na kazar," in ji Lantana. "Yanzu naka nake so in ji."

"An rage mata maki," in ji Malam Shiru. "An ba ta amsa ta ƙi karɓa."

Ko a jikinta. Ta kama wuyan hannuna ta ɗora yatsu biyu, tana ƙirga bugun jijiya. Na ga fuskarta ta sauya.

"Hannunka ya yi ƙanƙara, Baba. Jijiyar tana tuntuɓe. Duk iya wasan mutum ba ya sa jijiya tuntuɓe." Ta matso ta rage murya. "Da wa nake magana? Malam Sallau ko Baba Tanimu?"

"Hular ta ƙi fita, 'yata."

"Da hannu biyu ake cire ta. Ka ajiye kazar."

Na dubi ƙofa. Jama'ar farfajiya sun taru suna leƙe, dattijo mai ƙafa a kafaɗa, mata mai hayaƙi, kowa ya rungume tasa. Kunya ta rufe ni. Ku yi mini dariya in kun so, amma a wannan lokacin, ga mutuwa a tsaye a kaina, abin da ya fi damuna shi ne a ga dattijo kamata babu kaza a hammata.

"Lantana, me za a ce? Allah ya ba ni lafiya shekara da shekaru, yau don ya ɗan taɓa ni sai in yi ta raki a gaban mutane? Ai butulci ne."

"Baba, ka gode wa Allah, sannan ka nuna mini inda ke ciwo. Ɗaya ba ya hana ɗaya."

"Lokaci," in ji bunsurun. Ƙararrawar ta fara saukowa a hankali, hankalin da ya fi sauri tayar da hankali. Daga ɗakin da ke kusa na ji ɗalibin nan yana gyara murya.

"Ka dube ta ma, Baba," in ji Lantana. "Ka dubi abin da kake ta ɗagawa."

Na duba. Kazar ta daɗe da mutuwa. Gashi ne kawai busasshe a kan tsumma, an ɗaure da zare, idon kuma maɓallin riga ne. Na so in sake ta, yatsuna suka ƙi. Sun saba da riƙon har sun sandare. Lantana ta sa hannu tana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Taimaka mini, Baba, ni kaɗai ba zan iya ba. Wannan sai kai." Malam Shiru yana ta rage mata maki har ya ƙare, ya fara rage na kujerar.

Na tattara ɗan ƙarfin da ya saura na buɗe babban yatsa. Kazar ta suɓuce ta bi ruwa ta yi sama, ta faɗa tafkin silin ta nutse. Jama'ar bakin ƙofa suka ɗauki salati.

Na kai hannu biyu ga hula. Kafin in kama ta, buhun ya danne ni gaba ɗaya, ɗakin ya fara duhu daga gefe. Na ji Lantana ta ture kujera, ta ɗora hannuwanta a tsakiyar ƙirjina yadda suke yi wa Malam Shiru, ta fara dannawa. Dum. Dum. Dum.

"Baba, kada ka yi shiru! Yaya jikin? Faɗa mini!"

"Da..."

"Da me? Da me, Baba?"

Ƙararrawar ta iso ƙasa. Amma ba ƙarar ƙarfe ta yi ba. Ita ma dum ta ce. Dum. Dum.

Na buɗe ido. Uwani ce a tsakar gida take daka kayan miya a turmi.

Gari ya waye tangaram, zanin gado ya jiƙe sharkaf. Na shafa kaina, babu komai sai sanƙona. Na saurari ƙirjina ko nauyin ya tsaya can a mafarki. Bai tsaya ba, ya biyo ni, har da tsamin hannun.

Dakan ya tsaya. Uwani ta ɗaga labule ta leƙo, taɓarya a hannunta.

"Malam, ka makara fa. Yaya jikin?"

Ba ta jira amsa ba, har ta fara juyawa, domin ta san ta tun kafin ta tambaya. Ni na koya mata.

"Da..." in ji bakina. Na kama shi da ƙyar. "Da ciwo, Uwani. A nan. Ya kwana biyu."

Ta tsaya, ta ɗan yi dariya. "Na makaranta ne kake bita tun da safe?"

Na miƙa hannu na kamo nata, na ɗora shi a tsakiyar kaina, inda zufa ta yi sanyi.

"Taɓa ki ji," na ce. "Babu hula."

Taɓaryar ta faɗi. Uwani ta fita ko mayafi babu, tana ƙwala wa maƙwabcinmu Ilu mai adaidaita kira, ina kwance ina jin kajinta suna watsewa a tsakar gida.